Hatsin Baba Arzika da Injin Zariya

Tun da na dawo daga Zariya ban sha shayi lafiya a majalisa ba. Wannan ya ce da gaske injin yana magana, wancan ya ce an ce yana da ido. Ko gaisuwar mutuwa na je, sai wani ya matso ya ce, "Illa, yaya Najeriya?" Na gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, an fidda ni tun ban kai ga jarrabawa ba, saboda haka wanda rubutun bai yi masa ba ya tashi ya yi tasa tafiyar.

Ga abin da ya kai ni. Ni ne babban lebura a gonar gwaji da ke kusa da Tsarnawa. A wurin na tsufa, yaran da na koya wa riƙon sikeli su ke ba ni umarni yanzu. Bayan farin da ya cinye mu, buro, wato ofishinmu, ya ce a nemo irin hatsi na ƙauyuka a gwada shi tare da wanda anka kawo daga waje, uku da sunka fi kyau a yawaita su a raba wa mutane. Iri kuwa ya yi wuya, don kowa ya ci nasa. Surukina, Baba Arzika na Tajaye, yana da ɗan saura cikin tulu da ya liƙe da laka, ya hana kowa taɓawa ko lokacin da yunwa ta sa gidansa ke cin ƴaƴan anza na daji. Ni na je na durƙusa bayan zana na roƙe shi, na ce za a maido masa da yawa. Sai da na sa takalmi zan tafi ya aiko da shi cikin ƙwarya. Ɗan abin da ya rage masa ya shuka, ɓeraye sunka tone. Ke nan duk duniya babu sauran wannan iri sai abin da gonarmu ta ba da.

An yanka gonar kamar gidan dara, jeri shida, kowane jeri gurbi takwas. Iri takwas ne, kowanne yana da gurbi guda a kowane jeri, amma a warwatse, yadda Injiniya Sani ya zana a taswirarsa. Ranar awo Injiniya yana Tawa wurin taro. Na auna na kowane gurbi, na juye a buhun irinsa, akawu yana rubuta nauyi ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Injiniya ya riga ya ce masa lambobi kawai ake so, injin lissafi zai haɗa su da taswira da kansa. Injin Yamai an ce albashi ya cika masa ciki, sai anka aika wa wani abokin Injiniya a babbar makarantar Zariya.

Amsa ta zo: na Baba shi ne na shida. Shef, babban buronmu, ya ce biyar na ƙasa a raba wa lebura su ci ƙarshen wata. Ni kuwa ni na ɗauki buhunan nan, bayana ya san wanda ya fi nauyi. Na shiga buro na faɗi abin da na faɗi, ba sai na maimaita shi nan ba. Injiniya ma amsar ba ta kwanta masa ba, ya ce duk irin sun fito kusan ɗaya, gona kuwa ba ta yin haka. Ya ce zai je ya gani, in zo tunda ni na yi awon. Shef ya ce, "Ku je. Amma sito ba ya jiran kowa."

Munka fita Konni da safe cikin wata motar ƴan albasa. Duwan ɗinmu, wato ƴan kwastan na wajenmu, sun san ni, ba su ko dube ni ba. A Illelar Najeriya, ba tamu ba, wani ɗan kwastan ya tsare mu. Ya yi wa Injiniya Ingilishi, Injiniya ya mayar masa da Faransanci, kowa yana ɗaga murya yana nuna takarda. Ni ina tsaye da jaka. Da na ga abin ba zai ƙare ba na ce, "Ranka shi daɗe, goro za ka ci ko taba?"

Ya juyo ya ce, "Kai ɗan ina ne?"

Ashe uwarsa daga wajenmu take, ya ma san wanzamin unguwarmu. Munka tsaya gaisuwa, mutanen nan biyu masu karatu sunka gama zancensu da Hausa kamar kowa. Ya ga ƙullin hatsin Baba da na riƙo cikin hula, ya kwance, ya jefa ƴan ƙwayoyi a baki ya ce yana da zaƙi. Na ƙulle abina kafin ya ƙara.

Sakkwato ba ta da abin da zan ba ku labari, mu ne dai da manyan motoci. Munka sauka gidan Alhaji Nomau, ɗan Konni mai sayar da goro, wanda ya kwana biyu a can har ya fara cewa naira da kwabo kamar da su anka haife shi. Ya ba mu fura mai kyau. Da safe kuma ya aiko da burodinsu, wani abu mai kusurwa huɗu, laushi kamar matashin kai, da zaƙi kamar an yi wa jariri. In ka matse shi sai ya koma dunƙule guda. Shayinsu kuma madara ce da ruwan zafi cikin babban kofi, a kurɓe a tashi. Ba su san a zauna a jira na biyu da na uku ba. Na tambayi Alhaji ko gaggawar mi suke yi, ya ce man fetur ne ya zo, kowa yana gudu kada a raba babu shi.

Daga nan lori munka shiga. Injiniya a gaba kusa da direba, ni a baya kan buhunan gishiri. Kusa da ni wata tsohuwa ce mai kwandon ƙwan zabi, ta ɗora mini shi a cinya ba ta tambaye ni ba. Ta ji maganata ta ce, "Ɗana, ku mutanen Faransa ne?"

Na ce, "Inna, ni ko Yamai sau ɗaya na je."

Ta ce, "Haka ake ce muku dai. Riƙe da kyau, akwai rami gaba."

Akwai kuwa. Bayan Talatar Mafara motar ta faɗa wani rami, ƙarfen ƙasa ya karye, ƙwai uku sunka fashe a wandona. Tsohuwa ba ta yi faɗa ba, ta ce dai in na koma in gaya wa Faransa su koya wa mutanensu riƙon kwando. Direba ya hau wata mota ya tafi Gusau neman ƙarfe, ya bar mu bakin hanya. Wasu Fulani sunka sayar mana da nono, wani malami ya ja mu salla, tsohuwa ta dafa sauran ƙwan da sunka tsage munka raba. A nan munka kwana. Injiniya yana ta duba agogo. Na ce ya bari, agogon ba zai ɗinke ƙarfe ba.

Wannan kwanan ne ya cuce mu, don mun isa Zariya an riga an rufe ɗakin injin, sai Litinin. Injiniya ya sauka gidan abokinsa, gado da gidan sauro. Ni anka kai ni ɗakin kuku. Kukun mutumin kirki ne, Bazazzagi, ya ba ni tabarmarsa. Shi ya fara ba ni tuwon masara, fari kamar alli, da miya ja wur da manja. Na ci na ƙoshi, kafin la'asar na ji kamar ban ci ba. Su hatsi gero suke ce masa, kuma ba su ɗauke shi bakin komai ba, sai kunu da fura. Ƙasarsu ja ce mai nauyi, sai an yi kunya ake shuka. Na gaya wa kuku mu rairayi ne, a sara a jefa a take da ƙafa, ya ce to mu muna hutawa. Na ce ya zo ya gwada.

Ran Litinin anka kai mu. Sai an tuɓe takalmi a ƙofa, kamar masallaci, saboda ƙasa. Ciki sanyi kamar randa. Na tambaya, anka ce injin ne ba ya son zafi. Ni da na ƙare ƙuruciyata cikin rana ba a taɓa tambayata ko ina son zafi ba. To, ga amsarku: ba ya magana, ba shi da ido. Akwatunan ƙarfe ne tsaye kamar kabad, suna gurnani. Ana ba shi kati mai huji-huji ya haɗiye, can ya fito da doguwar takarda.

Abokin Injiniya ya ce shi ba ya taɓa injin, akwai mai rubuta masa umarni. Ina jiran Bature, sai ga mace, ƴar garin, da tabarau da alli a yatsu. Malama Ladi sunanta. Ta saurari Injiniya har ya gama, ta ce ta riga ta yi zargin amsar. Ta ce wasu masu kawo mata aiki daga sama zuwa ƙasa suke jera lambobi, wasu a kwance, saboda haka ta gwada duka biyun, kowanne shirme ya ba ta. Sai ta dube ni ta ce, "Malam, kai ka yi awon? Ka iya dara?"

Na ce, "Ba a cinye ni a Konni."

Ta ce, "Mu fita waje, nan sanyi ya yi maka yawa."

Ƙarƙashin wata itaciya ta ce in tona mata gonarmu. Na tsuguna na yi gurabe, jeri shida, takwas-takwas. Ita ma ta tsuguna, ba ta damu da zanenta ba.

Ta ce, "Kai kana ganin wannan a shimfiɗe, gabas da yamma, kudu da arewa. Injin ba shi da shimfiɗa. Cikinsa layi ɗaya ne dogo, ɗaki bayan ɗaki, kowanne da lambarsa. In zan ba shi gona sai na yanka ta jeri-jeri, in ɗaura kan na biyu a wutsiyar na fari, kan na uku a wutsiyar na biyu, ta zama igiya guda." Ta ja dogon layi a ƙasa da tsinke. "In na ce ina son gurbi na biyu a jeri na uku, ba ya leƙa gona. Yana tsaye a gurbin farko, sai ya ce jeri biyu cikakku ne a gabana, takwas da takwas, sha shida. Ya tsallake sha shida, ya ƙara taki ɗaya, ya ɗauki abin da ya tarar."

Na ce, "Ɗaya ko biyu? Na biyu kinka ce."

Ta ce, "Ɗaya. Inda yake tsaye sifiri ne a wurinsa, bai taka ba tukuna."

Na ce duk wanda ya fara ƙirga daga babu bai taɓa raba goro ba. Ta yi dariya ta ce haka ne, amma ba ya ɓata. Ta ce shi bai damu da yadda aka jera ba, muddin mai zubawa da mai ɗiba bakinsu ɗaya. Taswirar Injiniya igiya ce, nauyin da akawu ya rubuta igiya ce, injin kuwa yana haɗa na fari da na fari, na goma da na goma, ba ya tambaya.

"Yanzu sa yatsa ka nuna mini yadda kuka bi gonar ranar awo. Daga ina kuka fara?"

Na ce daga kusurwar gabas, wajen gawo. Injiniya ya ce daidai, nan taswirarsa ta fara. Na ja yatsa bisa jerin farko har ƙarshensa a yamma, na sauka cikin na biyu, na juyo gabas.

Ta ce, "Tsaya nan."

Injiniya ya dafe kai. Ya ce, "Illa, ba ku koma farkon jeri ba?"

Na ce, "Da sikeli da buhuna, cikin rana? Wa ke komawa? Kai in kana noma ka kai ƙarshen gona, tattaki kake ka dawo farko, ko juyowa kake?"

Ya ce, "Cewa na yi a bi jeri-jeri."

Na ce, "Jeri-jeri munka bi."

Har yau ban ga laifina ba, shi ma na san bai ga nasa ba. Malama Ladi ba ta raba mana gardama ba. Ta ɗauko tsakuwa ta ajiye a gurbin Baba na kowane jeri, bisa taswira, ta nuna mana. Jeri na ɗaya da na uku da na biyar lafiya lau. Na biyu da na huɗu da na shida kuwa a juye sunka shiga igiya, nauyin Baba ya tafi gidan wani iri, na wani ya shigo gidansa. Kowane iri rabin amsarsa ta maƙwabci ce, shi ya sa duk sunka fito kusan ɗaya.

Na ɗauka sai an sake huda katin nauyi duka. Ta ce babu bukata, lambobin ba su yi ƙarya ba, hanyar ɗibarsu za ta gyara. Ta zauna ta rubuta ƴan layuka na baƙaƙe da lambobi, ta ce yaren injin ne kansa, ba Ingilishi ba. Ta karanta mini da Hausa: in jerin na tafiya ne, tsallake jerin da sunka wuce ka ƙirga gaba, in na dawowa ne, je ƙarshen jerin ka ƙirgo baya. Shi ke nan. Kati kaɗan ta huda ta cusa tsakiyar sauran. Abin da ya taso mu tun daga Konni bai kai kaurin yatsa ba.

Sai dai injin yana da layi kamar asibiti, ba a kai kanmu ba sai washegari. Da takardar ta fito, Malama Ladi ta bi da yatsa ta tsaya. Na Baba shi ne na biyu. Wani na waje ya fi shi da kaɗan, kuma ni na san gurbinsa guda yana wajen da anka taɓa ɗaure shanu, amma na biyu ya ishe ni. Na kwance hula na nuna mata hatsin da ta sha wahala a kansa. Ta juya shi a tafin hannu ta ce ba ta taɓa ganin abin da take lissafawa ba sai ranar. Na so in bar mata, na tuna ba nawa ba ne, na ƙulle.

Dawowa ba mu tsaya ko'ina ba sai inda mota ta tsaya. A iyaka ɗan kwastan ɗin nan ba ya nan, wani ne. Ya buɗe kwalin katin da Malama Ladi ta ba Injiniya, ya ɗaga guda yana leƙen rana ta hujin, ya ce mene ne wannan. Injiniya ya fara bayani. Na ce masa, "Gara ce ta ci." Ya mayar ya ce mu wuce.

Mun shigo Konni wata ya riga ya ƙare. Ban je gida ba, na wuce sito. A share yake, har an yayyafa ruwa. Mai gadi ya ce shekaranjiya anka raba, kowane lebura ya kai nasa gida. Injiniya ya tafi buro da takardarsa a hannu. Ni ban bi shi ba, don na san abin da bakina zai faɗi.

Na tarar da Hajo, uwar yarana, tana tankaɗe. Ta yi mini sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta bar ni na sha. Sannan ta ɗaga labulen ɗakinta. Buhu guda ne a jingine, bai cika ba. Ta ce da anka kawo rabona ta kwance, ba na babanta ba ne, sai ta ɗauki hatsin gidanmu ta bi gidajen lebura ɗaya bayan ɗaya tana buɗe buhu. Inda ta ga na babanta ta yi musaya. Gida biyu ta samu. Sauran sun riga sun surfa.

Na ce, "Yaya kinka gane shi?"

Ta ce, "Da shi na koyi daka."

Na ce, "Mu kuma mi za mu ci?"

Ta ce, "Wanda injinku ya ce ba shi da kyau. Akwai shi da yawa a unguwa."

Injiniya ya zo ya gani, ya ce zai isa a shuka a yawaita, Shef kuma ya buga hatimi a takardar bai ce wa kowa sannu ba. Kafin a ɗauki buhun na cika ƙwaryar Baba, ban nemi izinin kowa ba. Na hau motar Tawa na sauka bakin hanya, na taka zuwa Tajaye.

Na tuɓe takalmi na durƙusa inda na durƙusa wancan karo. Na tura ƙwaryar ta ƙarƙashin zana. Na ji ya sa hannu yana motsa hatsin. Na fara ba shi labarin Zariya da injin da na biyu, shi kuwa ya ci gaba da motsa hatsinsa, sai na bari.

Ya ce, "Wanga nawa ne."

Na ce, "Naka ne, Baba. Akwai saura a buro, za a shuka bana."

Ya ce, "An ce mini gonarku ta ba da buhuna."

Na ce, "An ci, Baba."

Can ya ce, "Waɗanda sunka ci, mi sunka ce?"

Na ce, "Sun ce yana da gari, furarsa kuma ba ta son sukari."

Ya ce, "To." Sai na ji yana kiran a kawo masa tulu da laka.